Rediyo, Malamin Gona da Haƙƙin Dabba a Ƙasar Ikara

A ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin Jihar Kaduna a cikin masarautar Zazzau, da wuya a sami gidan manomi da babu dabba a cikinsa, ko da kuwa tunkiya ɗaya ce a turke da 'yan kaji a tsakar gida, kuma da wuya a sami gonar da ba ta taɓa cin moriyar dabba ba, ko ta hanyar huɗa, ko taki, ko jigilar amfani zuwa gida. Raken Maƙarfi, da tumatir da barkonon fadamun Hunƙuyi, da masarar da ake lodawa daga Ikara zuwa manyan kasuwanni, duk da sa hannun saniya da jaki a cikinsu. Haka kuma yankin yana maƙwabtaka da wuraren da suka fi ko'ina a Arewa tara ilimin noma da kiwo, domin tafiyar da ke tsakaninsa da Samaru da Shika ba ta wuce sa'a biyu a mota. Duk da wannan kusanci, abin da ke isa kunnen manomi ta rediyo da waya da bakin malamin gona ya fi karkata ga iri da takin zamani da maganin feshi, alhali batun yadda ake riƙon dabbar da ke yi masa aiki ba kasafai ake ba shi fili ba.

Abin da masana ke nufi da jindaɗin dabba ya samo tsarinsa na zamani ne daga Ingila, inda wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya fitar da rahoto a 1965 a kan halin da dabbobi ke ciki a manyan gonakin da ake cunkusa su a ɗakuna. Daga wannan rahoto aka tsamo sharuɗɗa biyar da suka yaɗu a duniya, wato dabba ta kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, ta sami makwanci da inuwa, a kare ta daga ciwo da rauni tare da yi mata magani, kada a jefa ta cikin tsoro da firgici, sannan a bar ta ta yi abin da jinsinta ya saba yi, kamar yawo da tuƙa da cuɗanya da 'yan'uwanta. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a Faris a 1924 kuma Nijeriya na cikin membobinta, ta fara sanya ƙa'idojin jigila da yanka a kundinta tun 2005. Ga mai karatu na ƙasar Hausa babu baƙon abu a nan, domin duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ya kuma ji umarnin a wasa wuƙa kafin yanka don a sauƙaƙa wa abin yankan. Dokar laifuffuka ta Arewa ma ta daɗe da haramta duka da azabtar da dabba. Tushen yana nan, na addini da na doka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tunatarwa a wurin da ake aikata abin.

Yawancin littattafai da finafinan da ake yi a Turai da Amurka a kan wannan batu ba su dace da wannan yanki ba, kuma yana da kyau a faɗi haka ƙarara. An shirya su ne don masu kallo da ke sayen nama a kanti ba su taɓa ganin inda ya fito ba, shi ya sa suke magana a kan kejin kaji da ɗakunan aladu, wasunsu ma suna kira da a daina cin nama ɗungurungum. Kejin kajin ƙwai ya fara yawaita a gonakin da ke kewayen Zariya da Kaduna, don haka wannan ɓangaren zai zo, amma wahalar da dabbar Ikara ke sha a yau tana wani wuri dabam: a kara, a bayan mota, a ƙarƙashin karkiya, a turke, da kuma cikin watannin bazara lokacin da ciyawa ta ƙare.

Wanda ya tsaya a wajen lodin shanu a babbar kasuwa irin ta Ancau, da ke Ƙaramar Hukumar Kubau maƙwabciyar Ikara, zai ga yadda abin ke gudana. Ana kora sa zuwa bakin tirela da sanda, in ya turje a murɗa masa wutsiya, in ya durƙusa a ja shi da igiyar ƙaho, sannan a ɗaure shi a jikin ƙarfen motar kusa da ɗan'uwansa yadda ba zai iya juyawa ba, wani lokaci a shimfiɗa katako a samansu a ɗora buhuna da awaki da fasinjoji. Daga nan zuwa mayankar Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800, wadda lalacewar hanya da shingayen karɓar kuɗi ke ƙara wa tsawo, kuma sau da yawa dabbar ba ta ganin ruwa har a isa. Masu bincike a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazari mai yawa a kan abin da irin wannan tafiya ke yi wa shanu da awaki, musamman a lokacin zafi, sai dai sakamakon nasu yana kwance a mujallun Turanci da direban tirela da ɗan kamasho ba za su taɓa gani ba.

Abin da ya kamata a fassara musu kuwa magana ce ta kuɗi. Dabbar da ta galabaita tana ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta, wanda shi ne bayan yanka yake rikiɗa ya zama wani ɗan tsami da ke sa nama ya yi ja mai kyau ya kuma jima bai lalace ba. In sukarin ya ƙare tun dabbar tana raye, naman yakan fito baƙi-baƙi, ya yi tauri, ya yi saurin wari, ga kuma wuraren da jini ya kwanta saboda duka waɗanda dole mahauci ya yanke ya zubar. Nauyin da dabbar ta rasa a hanya ma asara ce da ke komawa kan mai ita. Fata ita ma tana ɗauke da shaidar duk abin da aka yi wa dabbar, domin tabon bulala da na lalas, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi da ake yi don shaida ko magani, da cizon kaska, duk suna bayyana bayan jima, su rage darajar kirgi a wajen majema. A Samaru akwai cibiyar binciken fata da aka kafa tun 1964 wadda ta san wannan ciki da bai, kuma jar akuyar Sakkwato da ake kiwo a gidajen yankin tana cikin masu fatar da aka fi nema a duniya.

Shanun huɗa sun shigo Arewa ne a shekarun 1920, lokacin da ma'aikatar gona ta Turawan mulki ta fara koya wa manoma haɗa noma da kiwo, kuma a yau, da tsadar hayar tarakta, su ne ƙarfin ƙaramin manomi daga Paki zuwa Likoro. Matsalarsu ta lokaci ce, domin ranar da aka fi bukatar ƙarfinsu, wato farkon damina, ita ce ranar da suka fi rama, bayan sun shafe watanni suna cin busasshen kara. Sa mai yunwa in aka ɗora masa karkiyar da ba a goge ta ba, aka sa shi huɗa har rana ta take, sai wuyansa ya kumbura ya fashe, ƙuda ya bi, aikin mako guda ya koma na mako biyu. Maganin bai wuce a tanadi harawa da dusa tun kaka saboda waɗannan makonni, a sassaƙa karkiya daidai wuyan dabbar a naɗe ta da tsumma, a fita da asuba a sauke kafin rana ta yi zafi. Haka abin yake ga jaki, wanda mikin da ke bayansa yawanci daga akumari marar kyau da mangalar da ta rinjaya gefe guda yake samuwa. Shi jaki ma wata masifar ta same shi, ta fataucin fatarsa zuwa Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani, har yawansa ya ragu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna saboda fatarsu, hukuncin da bai sami yayatawar da ta kamace shi ba a kasuwannin ƙauye.

A cikin gida kuma, inda mata ke kiwon raguna da awaki don Layya ko don biki da suna, akwai wata cuta da ba a sani ba a zamanin kakanni. Akuyar da ake saki ta yi kiwo a bola tana haɗiyar leda mai ƙanshin abinci, ledar kuwa ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi ta cika shi, dabbar ta riƙa ramewa cikinta na kumbura, mai ita tana ta sayen maganin tsutsa a banza. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, domin su ke fasa tumbin su ciro dunƙulen. Ga kuma allurar da ake saya a kasuwa a yi wa dabba ba tare da likita ba, a sha nononta washegari ko a yanka ta cikin mako. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbarsa, wato tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fita daga nama da nono, kuma rashin kiyaye su yana sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina aiki a jikin mutum. Rubutun da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe, mai kiwon kuwa ba ta karanta shi.

Isar da irin wannan ilimi da Hausa yana da tsohon tarihi a ƙasar Zazzau. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma daga nan ne 'yan ƙananan littattafan yaƙi da jahilci suka riƙa fita zuwa ƙauyuka, yayin da majigi, wato silman da ake kaiwa a mota a haska a ƙofar fada da dare, yake nuna tsafta da noman zamani. A daidai wannan lokaci aka yi aikin Ancau ƙarƙashin Dokta T. A. M. Nash, inda aka sassabe kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon garin Takalafiya. Aiki ne da ya rage cuta, amma da umarni aka yi shi daga sama, kuma wannan ɗabi'a ta a faɗa wa manomi ba tare da an saurare shi ba ta daɗe tana bin aikin faɗakarwa. Tashar binciken gona ta Samaru ta faro a 1922, gonar kiwo ta Shika a 1928, ita ce ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a 1976. Sashen da aka ɗora wa alhakin ɗauko sakamakon bincike ya kai wa manoma, wanda a yau ake kira NAERLS, ya samo asali a 1963, kuma har yanzu yana buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo.

Rediyo ce dai uwa a wannan fage. Tun da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, manomin Gimi da makiyayin da ke ruga a bayan Saulawa suke rataye da akwatinsu, kuma Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989 take da hedikwata a Kaduna, ta yi amfani da rediyon wajen gabatar da shirin Don Makiyaya a Ruga. Daga baya tashoshi masu zaman kansu na Kaduna da Zariya da Kano suka ƙaru, ga kuma sassan Hausa na BBC da Jamus da Faransa. Ƙarfin rediyo shi ne tana shiga inda malamin gona namiji ba ya shiga, wato cikin gida wajen matan da su ne masu yawancin awaki da kaji. Rauninta kuwa shi ne fili da kuɗi ake sayensa, mai kuɗin saye kuma yawanci mai sayar da magani ne ko taki, don haka shirin noma yakan zama talla da aka yi wa ado da nasiha. Babu kamfanin da zai ɗauki nauyin shirin da ke cewa a huta da sa in rana ta yi zafi, ko a rage feshi, tun da babu abin sayarwa a ciki. Wannan giɓi na hukuma ne, da jami'a, da masu wa'azi.

Akwai shaidar cewa saƙo irin wannan yana karɓuwa in an bi ta hanyar da ta dace. Buhun adana wake mai ɗaki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, in an ɗaure kowace da kyau sai iska ta ƙare wa ƙwarin da ke huda waken su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Sanarwar rediyo ta taimaka, amma abin da ya shawo kan mutane shi ne an cika buhunan a gaban jama'ar gari, aka dawo bayan watanni aka kwance su a gabansu, gani ya kori ji. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, wake irin wanda ake dafawa a gidajen nan kullum. A Maradi ta Jamhuriyar Nijar kuma, sassaben zamani, wato barin tohon kututturen itatuwa a gona a riƙa yi masa aski har ya girma maimakon a tumɓuke shi, ya faro a farkon shekarun 1980, ya yaɗu daga bakin manomi zuwa manomi tare da taimakon rediyo, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Shekarar 2016 ta nuna ɗaya fuskar. Tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta afka wa tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu, kuma yankin da ke da kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981, ya ji jiki. Da yake tsutsar tana shigewa cikin ganye da 'ya'yan ne, feshi bai cika cim mata ba, kuma tana saurin sabawa da magani, amma da yawan manoma ba su sami wannan bayani da wuri ba, sai suka yi ta ninka feshin, suka yi asarar kuɗin magani a kan asarar amfani.

Noma mai ɗorewa, a taƙaice, shi ne wanda ke ciyar da mai gona bana ba tare da ya kashe gonar da ɗansa zai gada ba, kuma a wannan yanki ba ya yiwuwa sai da dabba mai ƙoshi. Harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa suna shiga cikin dabba su fito taki, takin ya koma gona ya riƙe danshi ya ciyar da ƙasa, abin da buhun takin zamani shi kaɗai ba ya yi, balle yanzu da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Cibiyar binciken gona ta Samaru da takwararta IITA da ke da reshe a Kano sun fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, kuma bincikensu ya nuna cewa karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya yana rage wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar hatsi. Gawo, da yake zubar da ganyensa da damina ya yi toho da rani, yana ba gona taki, ya ba dabba inuwa da 'ya'yan ci a lokacin da babu komai. Wanda ya cinna wa karan gonarsa wuta bayan girbi ya ƙone abincin sansa na bazara da takin gonarsa na baɗi a lokaci guda.

Wayar hannu ta buɗe wata sabuwar ƙofa, ta alheri da akasinsa. Saƙon murya na WhatsApp ya kawar da shingen karatu, ƙungiyoyi irin su Access Agriculture sun juya bidiyoyin koyar da noma da kiwo zuwa Hausa waɗanda ake iya saukewa a tura wa juna, kuma makiyayi na iya ɗaukar hoton dabbarsa marar lafiya ya aika wa likita a Zariya. Ta wannan ƙofar kuma masu haɗe-haɗen maganin ƙiba suke shigowa a Facebook da TikTok, tare da hotunan shanun Turai masu manyan hantsa da ke sa matashi ya raina bunajin gidansu. Irin waɗancan shanu akwai su a gonar madara da kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta Kubau a 2023, amma suna rayuwa ne da rumfa mai sanyi da abinci na musamman da likita a kusa, kuma wanda ya sayo irinsu ya ɗaure a rana ya sayi wahala, tasa da ta dabbar.

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024 ake ta maganar yawan nama da madara, kuma ya kamata a sa yadda ake riƙon dabbar a cikin lissafin. A matakin Ikara da Maƙarfi da Kudan, masu iya sauya abin sanannu ne: sarkin fawa da shugabannin kara, waɗanda maganarsu ke da nauyi a wajen lodi fiye da ta kowane jami'i, ƙungiyoyin direbobi, da za su iya sa a tsaya a shayar da dabbobi a hanya, limaman Juma'a da malaman majami'u, da gidajen rediyon da ake kamawa a yankin. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin uku su haɗa kuɗi su sayi fili na rabin sa'a a mako, su gayyato likitocin Shika da Samaru tare da mahauta da mata masu kiwo su yi magana da Hausa da Fulatanci, a fara kafin saukar ruwan sama saboda shanun huɗa, a kuma ƙara ƙaimi a makonnin da ke gaban Babbar Salla.